Makulli Ya Sauya Ƙofa

A tsakiyar shekarun 2000, wanda ya sauke Windows daga kwamfutarsa ya ɗora Linux, murnarsa ta rana ce. Da rana komai yana tafiya: a yi rubutu, a yi lissafi, a soka filashin da ya gama yawo a shagunan buga takardu ba tare da gaban mutum ya faɗi ba. Sai an yi sallar isha'i an zauna hutawa ake gane inda gizo yake saƙa. Mutum ya danna karatun Alƙur'ani ko waƙoƙin da ya daɗe yana tarawa, sai wata 'yar taga ta leƙo ta ce babu abin da zai karanta irin wannan sauti. Ya sa faifan fim, shiru. Ya ɗauko faifan gem, kwamfutar ta jera masa sunayen fayiloli ta zuba masa ido. Daga nan yawancin mutane suke juyawa, kuma ban taɓa ganin laifinsu ba. Ga matashin wancan lokaci kwamfuta ita ce rediyo, ita ce bidiyo, ita ce gidan gem.

Gara a faɗi gaskiyar abin da ya kai mu can tun farko. Ba kuɗi ba ne. A Turai da Amurka ana yabon Linux da cewa ba a biyan ko sisi, amma a Kano ko Kaduna mutum nawa ne suka taɓa sayen Windows na asali? Mai gyara ne yake ɗora maka nasa, ya cika maka da duk manhajar da ta faɗo masa a rai, ka ba shi na goro. Abin da ya kore mu shi ne bairos, musamman wanda yake ɓoye fayilolin filashi ya bar inuwarsu, da gajiya da goge kwamfuta a sake ɗori kowane 'yan watanni. Wasunmu kuma son sani ne kawai. Ana cikin haka Ubuntu, wani nau'in Linux, ta fito a Oktoban 2004, daga hannun attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth, da wani tsari mai suna ShipIt: ka rubuta adireshinka, a aiko maka da faifai ta gidan waya kyauta, ko'ina kake a duniya. Har 2011 ana wannan rabo. A ƙasar da sauke megabait 700 yake iya cinye dare guda a kafe, faifan nan ya fi ƙarfin raini. Har ma akwai tsarin madannai na Hausa a ciki, mai ƙ da ɗ da ɓ, abin da ya sa wasu marubuta suka fara kallon ta da mutunci.

To, me ya hana ta waƙa? Da farko kowa ya ɗauka gazawa ce, wato masu rubuta ta ba su iya ba. Sam ba haka ba ne. Sauti ko hoto sai an matse shi kafin a adana, domin ɗanyensa yana da girma: minti ɗaya na sautin faifan CD ya kai kusan megabait 10, amma MP3 takan mayar da shi kusan 1. Dabarar matsewa da warwarewar ita ake ce wa kodek. Mafi yawan aikin MP3 an yi shi ne a cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Jamus, aka yi wa dabarar rajistar haƙƙin ƙirƙira, kuma a 1998 cibiyar ta fara aika wasiƙu ga masu rubuta manhaja tana neman kuɗin lasisi. Microsoft da Apple suna biya, su saka kuɗin cikin farashin kayansu, mai saye bai ma san an yi ba. Amma wanda yake raba faifai kyauta, kuma ya ba kowa izinin ya kwafa ya ba wani, ta ina zai ƙirga kwafi balle ya biya? Saboda haka manhajar karanta MP3 tana nan, an rubuta ta, tana aiki sarai, sai dai an bar ta a waje da gangan. Fedora, wata Linux ɗin daban wadda kamfanin Red Hat na Amurka yake ɗaukar nauyinta, ta ƙi taɓa ta gaba ɗaya. Ubuntu ta ajiye ta a wani rumbu na gefe, da gargaɗin cewa kowa ya duba dokar ƙasarsa. Wato ɗalibi a Zariya ya kasa sauraren tafsiri saboda wasu takardu da aka yi wa rajista a Jamus da Amurka.

Ga mai intanet, maganin umarni ne na layi ɗaya. A nan ne namu ya bambanta da na sauran duniya, kuma ba kasafai ake ba da wannan ɓangaren labarin ba. An gina Linux da zaton kowa yana da intanet a gida. Manhajojinta ba dunƙulallu ba ne kamar na Windows; kowace tana jingine da wasu, su ma suna jingine da wasu. Mutum ya je kafe ya sauke abin da aka ce masa, ya dawo gida ya danna, sai a ce saura guda uku da ta dogara da su. Ya koma washegari ya kwaso ukun, su kuma su nemi nasu. Modem ɗin filashi da muka fara samu daga baya ya zo da tasa rigimar: idan aka soka shi sai ya nuna kansa a matsayin faifai, kuma 'yar manhajar da za ta juya shi ya zama modem, a wasu fitowar, sai an sauke ta daga intanet. Kana bukatar intanet kafin ka samu intanet. Abin da ya cece mu shi ne juna. Wanda yake da hanya a wata jami'a ko wani ofis ya sauke komai, ya tattara da wata manhaja mai suna APTonCD, ya ƙona a faifai, faifan ya yi ta zagaya hannu har ya karce.

Idan za a yi adalci, babu abin da ya riƙe mutane a kan Linux a shekarun nan kamar VLC, mai alamar hular nan ta roba ruwan lemo da ake jerawa a kan titi. Ɗaliban makarantar École Centrale ta Paris ne suka fara aikin a 1996 don su riƙa watsa bidiyo a tsakanin ɗakunan kwanansu, aka sake shi ga kowa a 2001. Tana zuwa da kodek ɗinta a cikinta, ba ta roƙon komai a wajen babbar manhaja, kuma masu ita suna Faransa, inda suke tsayawa a kan cewa doka ba ta yarda a yi wa manhaja zalla rajistar ƙirƙira ba. A ƙarƙashinta akwai FFmpeg, wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a 2000, ita ce injin da yake warware kusan kowane irin sauti da hoto. A shekarar ce kuma aka fara MPlayer a Hungari. Da waɗannan, faifan VCD na fim ɗin Hausa da aka sayo a Ƙofar Wambai ya fara magana: ka buɗe faifan, ka shiga jakar MPEGAV, ka jawo fayil ɗin DAT, sai ga hoto. Haka 'yan bidiyoyin 3GP da ake turawa ta Bluetooth, masu hoto kamar an shafa masa man shanu. Wa'azin 'yancin manhaja bai jawo mutum ɗaya cikin ɗarin da VLC ta jawo ba, kuma mafi yawansu ma a kan Windows suka san ta. Linux Mint, wadda Clément Lefèbvre ya fara a 2006, ta yi suna ne da abu ɗaya tak: ta sa kodek a faifanta, ta bar masu shari'a su yi ta muhawara.

Labarin DVD ya fi kowane ban dariya, ya kuma fi nuna yadda abin yake. Faifan DVD na asali yana da makulli mai suna CSS, an kuma raba duniya shiyya-shiyya, Najeriya da Nijar suna ta 5, don kada faifan wata shiyya ya yi aiki a wata. Ba a ba masu Linux mabuɗi ba. A 1999 wani yaro ɗan Norwe mai shekara 15, Jon Lech Johansen, tare da wasu da ba su bayyana sunansu ba, suka fito da DeCSS mai buɗe makullin. 'Yan sanda suka dira gidansu a farkon 2000, aka kai shi kotu, kotu ta wanke shi a 2003, aka ɗaukaka ƙara, ta sake wanke shi a ƙarshen shekarar. A Amurka kuwa dokar DMCA ta 1998 ta haramta karya irin wannan makulli ko da faifan naka ne, da kuɗinka ka saya. Mu a nan abin bai cika damun mu ba, domin faifan da ake tallansa a baro, mai fim goma sha a ciki, an riga an cire masa makulli tun a inda aka kwafo shi. Wanda ya sha wuya shi ne mutumin kirkin da ya sayo faifan asali daga Landan ko Jidda.

Sai Flash. Shekaru da dama duk bidiyon intanet ta cikinsa yake bi, har YouTube, kuma na Linux kullum a baya yake, yana cin batir yana dumama kwamfuta. A 2012 Adobe ta sanar cewa ta daina sabunta na Linux ɗin sai gyaran tsaro. Gidajen rediyon ƙetare masu sashen Hausa su ma a lokacin suna sa shirye-shiryensu a RealAudio ko Windows Media, kowane da tasa wahalar.

Abin da nake so a lura da shi shi ne yadda duk wannan ya ƙare. Babu wata rana da aka zauna aka ce masu buɗaɗɗiyar manhaja sun yi gaskiya. Rajistar ƙirƙira tana da wa'adi, shekara 20, wa'adin ne ya cika: a Afrilun 2017 aka rufe shirin lasisin MP3, Fedora ta sa ta ba tare da wani biki ba. Flash kuwa waya ce ta kashe shi. Steve Jobs ya hana shi shiga iPhone, ya rubuta dalilansa a 2010; YouTube ta koma HTML5 a 2015; Adobe da kanta ta binne shi a ƙarshen 2020. Manyan kamfanoni ma sun gaji da biyan lasisi, sai suka fara ba da kuɗi a ƙera kodek marasa haraji: Google ta saki VP8 a 2010, ƙawancen da ya haɗa ta da Netflix da Amazon da Mozilla da wasu ya fito da AV1 a 2018. Mutanen Xiph.Org, waɗanda suka yi shekaru suna tallan buɗaɗɗen kodek ɗinsu Ogg Vorbis kusan ba mai saye, su ne suka yi dariyar ƙarshe, domin Opus da aka kammala da hannunsu a 2012 shi ne yake ɗauke da saƙon muryar WhatsApp. Duk tsohuwar da ta danna ta yi wa ɗanta da ke Legas doguwar gaisuwa, buɗaɗɗen kodek ta yi amfani da shi, a kan wayar Android da cibiyarta Linux ce.

Sai dai makullin bai ɓace ba, ƙaura ya yi. Netflix ta fara aiki a kan Linux ta burauzar Chrome a 2014, ta iso Najeriya a Janairun 2016, amma da sharaɗin a bar wata rufaffiyar manhaja ta Google mai suna Widevine ta zauna cikin burauza tana gadi. Da hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da wannan tsari a 2017, ƙungiyar EFF mai kare 'yancin masu amfani da intanet ficewa ta yi daga cikinta don nuna fushi. Kasuwar faifan Kannywood ta mutu, fina-finai masu dogon zango sun koma YouTube, babu mai tambayar kodek yanzu. Amma faifan DAT ɗin nan mai karce nawa ne, ina iya ba maƙwabci aro. Wanda nake kallo yau, idan data ta ƙare ya ƙare. Shi ya sa masu turin fim a waya ba su rasa ciniki ba.

Gem kuwa labarinsa daban ne, kuma ya fi tsawo. A nan ba takardar kotu ce ta hana ba. Wasannin ne aka rubuta su don Windows, da harshen hoto na Microsoft mai suna DirectX. Abin da yake hannunmu shi ne Tux Racer, inda tsuntsun ƙanƙara yake sulalowa daga dutse yana tsintar kifi, da Frozen Bubble, da Battle for Wesnoth, wanda shi kam wasa ne na gaske ga mai haƙuri. Kamfanin id Software yana sakin rubutun tsofaffin injinansa, na Doom a 1997, na Quake III a 2005, aka samu wasannin harbi masu kyau daga nan. Amma ka ce wa yaron da ya saba da GTA Vice City da Need for Speed da ƙwallon PES ya zo ya tsinci kifi, ka ga irin kallon da zai yi maka. An taɓa gwada kasuwanci: wani kamfani a Amurka, Loki, ya kafu a 1998 yana sayen izini yana mayar da manyan wasanni na Linux, ya yi aiki mai kyau, ya karye a 2001, ya rufe a farkon 2002. Masu saye sun yi kaɗan.

Hanyar da ta rage ita ce Wine, aikin da aka fara a 1993, wanda Alexandre Julliard ya daɗe yana jagoranta. Wine tafinta ce. Gem ya yi magana da harshen Windows, ita kuma ta tsaya a tsakani tana fassara wa Linux nan take, gem ɗin bai san ba a gida yake ba. Wahalar ita ce Microsoft ba ta bayyana duk lungunan harshen ba, kuma kullum tana ƙara sababbi, sai masu Wine su yi ta gwaji suna lalube. Shekara 15 suka yi kafin su yarda su kira wata fitowa 1.0, a 2008. Akwai kundin da masu amfani suke ba kowane gem daraja, daga zinare da azurfa har zuwa shara, kuma mutum yakan shafe dare yana bin matakan da wani ya rubuta: sauya wannan, kwafo wancan, kashe inuwa. Wani lokaci gem ya tashi lafiya amma ba sauti. Wani lokaci 'yan wasa su fito ba kai. Tsofaffin wasanni sukan yi aiki da mamaki, sababbi kuwa sai addu'a. Mafi yawanmu raba rumbun kwamfuta muka yi gida biyu, Linux don aiki, Windows don wasa, kuma kowa ya san yadda wannan yake ƙarewa: wata rana ka shiga Windows don buga gem ɗaya, ka ga kasalar sake kunnawa, sai ka wayi gari wata guda ba ka leƙa ɗaya gidan ba.

Ga kuma direban katin hoto, wanda ba ya cikin abin da tafinta za ta iya gyarawa. Abin ya kai ga Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, da kansa, a wani taro a jami'ar Aalto ta Finlan a Yunin 2012, ya juya ga kyamara ya yi wa Nvidia mai ƙera katin hoto daƙuwa irin ta Turawa, ya ce ita ce kamfani mafi wuyar sha'ani da suka taɓa hulɗa da shi. Sai a 2022 Nvidia ta buɗe wani sashe na direbanta. AMD ta riga ta bin wannan hanya, shi ya sa har yau masu Linux suke son kayanta.

Wanda ya sauya lissafin shi ne Valve, mai shagon wasanni na Steam, kuma ba don Allah ya yi ba. A 2012 Microsoft tana shirin fito da Windows 8 da shagonta a ciki, shugaban Valve Gabe Newell, wanda shi ma tsohon ma'aikacin Microsoft ne, ya ji tsoron wata rana a rufe masa ƙofa, ya kira tsarin bala'i a bainar jama'a. Mai shago a gidan haya ne yake neman filin kansa. Kafin nan Humble Bundle ta 2010, inda kowa yake biyan abin da ya ga dama, ta nuna cewa masu Linux sun fi kowa sakin hannu, amma yawansu bai taka kara ya karya ba. Steam ta iso Linux a Fabrairun 2013. Akwatunan Steam Machine da aka fitar a 2015 ba su karɓu ba, domin dabarar ita ce a roƙi masu ƙera gem su sake rubuta wasanninsu, kuma kaɗan ne suka amsa. A lokacin na ɗauka maganar ta mutu ke nan, kamar ta Loki, kuma ba ni kaɗai ba.

Valve ba ta bari ba, sai ta sauya dabara: ta daina roƙo, ta zuba kuɗi a tafinta. A 2016 aka fito da Vulkan, sabon harshen hoto da ba na kamfani ɗaya ba. Wani Bajamushe, Philip Rebohle, da yake son buga NieR: Automata a kan Linux, ya fara rubuta DXVK mai juya DirectX zuwa Vulkan da sauri irin wanda ba a taɓa gani ba, Valve ta ɗauke shi aiki. Ta haɗa wannan da Wine, da taimakon kamfanin CodeWeavers, ta sa wa abin suna Proton, ta sake shi a Agustan 2018. Daga ranar, mutum ya danna gem ɗin Windows a Steam, ya tashi, ba wani dare da za a shafe. A Fabrairun 2022 Steam Deck ta fito, na'urar wasa ta hannu mai gudana a kan Linux, kuma wannan karon an saya. Masu ƙera gem da ba su taɓa damuwa da mu ba suka fara gwada kayansu a kanta tun kafin su fitar. A ƙididdigar da Steam take yi wata-wata, Linux ta wuce macOS a Yulin 2023, ta haye kashi 3 cikin 100 a Oktoban 2025.

Ina jin daɗin wannan, ba na ɓoyewa. Amma ina ganin ya kamata a kira nasarar da sunanta. Ba wasannin Linux ne suka yawaita ba. Linux ce ta ƙware a kwaikwayon Windows har aka daina bukatar wasanninta. Feral Interactive, kamfanin Ingila da ya fi kowa mayar da manyan wasanni na Linux, ya fasa wani aikinsa a 2021, ya ce bukatar ta ragu tun zuwan Proton. Kuma Steam ɗin kanta rufaffiya ce, abin da ka saya a cikinta izini ne, ba kaya ba. Waɗanda suka shigo Linux don kada kamfani ɗaya ya riƙe musu wuya, yau jin daɗinsu yana rataye da alherin kamfani ɗaya. A yabi Valve da cewa abin da ta biya aka rubuta, Proton da DXVK da gyaran direbobi, a buɗe ta bar shi, ko ta juya baya gobe ba za ta iya kwashe shi ba. 

Sai shinge na ƙarshe, wanda nake ganin ba irin na baya ba ne. Wasannin da ake bugawa da mutane ta intanet suna fama da masu maguɗi, masu sa manhaja ta nuna musu abokin gaba ta bayan bango ko ta saita musu bindiga. Maganin da kamfanoni suka zaɓa shi ne manhajar gadi da take shiga can cikin cibiyar babbar manhaja, inda take ganin duk abin da yake motsi a kwamfutar. A Windows wannan yana yiwuwa domin mai kwamfuta ba shi da ikon sauya cibiyar. A Linux kuwa yana da shi. Yana iya gyara ta ta yi wa mai gadi ƙarya. Wato abin da ya sa muke son ta, shi ne abin da ya sa suke gudun ta. A 2021 manhajojin gadi na Easy Anti-Cheat da BattlEye suka ba da damar aiki da Proton, amma sai mai gem ya so. Epic, wadda ita ce mai Easy Anti-Cheat ɗin, ta ƙi buɗe wa wasanta Fortnite. Valorant bai taɓa yi ba. Rockstar ta rufe wa masu Linux ɓangaren intanet na GTA V a Satumban 2024, EA ta janye Apex Legends daga Linux wata guda bayan nan, ta ce maguɗi ne dalili. Ba zan ce ƙarya suke ba. Zan dai ce ba kowa ne zai yarda ya ba kamfanin wasa mabuɗin ɗakinsa na ciki ba, balle bayan abin da ya faru a Yulin 2024, lokacin da kuskure ɗaya a wata manhajar tsaro ta CrowdStrike, mai zama a wannan wuri, ya durƙusar da kwamfutocin Windows miliyan 8.5 a rana ɗaya. Rajistar MP3 jira aka yi ta ƙare. Wannan ba shi da wa'adi.

A wajenmu duk wannan ya taru ne a kan abu ɗaya, ƙwallo. Tun FIFA 23 a 2022 EA ta sa wa wasanta irin wannan gadi, na bayansa ma haka, saboda haka ba sa tashi a Linux. Gidajen gem na unguwa ba ruwansu, PlayStation suke amfani da ita. Yara kuma sun sama wa kansu mafita: PPSSPP, buɗaɗɗiyar manhajar da Henrik Rydgård na Sweden ya fitar a 2012, wadda take buga wasannin PSP a waya, ita ce suke zuba wa tsohon PES da aka sabunta wa 'yan wasa da riguna. Sauƙin Proton kuwa na mai hali ne. Gem na zamani yakan haura gigabait 100, a dala ake saye, an kuma yi shekaru katin naira ba ya biyan komai a waje. Valve ba ta sayar da Steam Deck a Afirka. Wanda ka gani da ita, wani ne ya taho masa da ita ko ya saya hannun 'yan kasuwa da ribarsu a kai. Kwamfutocin da aka ƙera kafin wajen 2015 kuwa yawanci ba su jin Vulkan yadda Proton na yanzu yake so, alhali su ne aka fi cewa a ɗora musu Linux.

Akwai dai wani rukuni da ya faɗo daidai. Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar mafi yawan injinan Intel na jenareshan na 6 da na 7, waɗanda aka yi tsakanin 2015 da 2017. Lafiyarsu ƙalau, suna jin Vulkan, suna kunna kowane fim, suna buga wasannin shekarun baya ba tangarɗa. Ofisoshin Turai da Amurka za su yi ta zubar da su, kuma mun san inda irin wannan kaya yake sauka: Computer Village a Ikeja, daga nan Titin Beirut a Kano. Linux za ta zauna musu daram. Amma mai saye zai tambaya ko tana buga ƙwallo, mai shago ya ce a'a, sai ya ɗora masa Windows 11 ɗin da aka tsallake wa shinge, ya karɓi kuɗinsa.